Zarto Da Rula Ba Su San Mace Ko Namiji Ba

 Yau ina so mu tattauna a kan wata sana'ar hannu wadda ba mu saba jin labarinta a nan ba, watau ƙera ƙananan jiragen ruwa na kwaikwayo, da irin kayan aikin da ake yin ta da su. Na san wata za ta ce, mu da muke nesa da teku ina ruwanmu da jirgi? To, ku yi haƙuri ku biyo ni sannu. Maganata ɗaya ce. Kayan wannan aiki kaɗan ne, ba su fi ƙarfin yawancin gidajenmu ba, kuma yarinyar da aka danƙa mata su tana samun ilmin awo da natsuwa wanda allo da alli kaɗai ba za su ba ta ba. Saboda haka ban ga dalilin da zai sa a bar wa 'ya'ya maza su kaɗai ba.

Da farko bari mu san abin da ake nufi. Wannan jirgi ya bambanta da na roba da ake saya wa yara a kasuwa. Mai ƙera shi yakan sami zanen wani jirgi na ainihi, ya rage tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa da ma'auni guda, sa'an nan ya gina shi gaɓa bayan gaɓa. Yakan fara da ƙashin bayan jirgin, ya kakkafa haƙarƙarinsa, ya lulluɓe su da siraran fallayen katako, ya tsai da jigajigan da ake ɗaura wa ƙyallen da iska ke turawa, daga ƙarshe ya ɗaɗɗaure igiyoyi. In ya gama, wanda ya san jirgin na gaske zai gane shi da kallo ɗaya.

Sana'ar kuwa tsohuwa ce ƙwarai. A 1920 masu tonon kayan tarihi suka buɗe wani ɗan ɗaki a kabarin wani babban bafade mai suna Meketre kusa da Luksor a ƙasar Masar, suka tarar da ƙananan jirage na katako da suka kai shekara 4,000. Wasunsu suna Alƙahira, wasu suna birnin New York na Amurka. A kabarin Fir'auna Tutankhamun da aka gano a 1922 ma an sami irinsu guda 35. A Ingila kuma, tun daga ƙarni na 17 gwanayen masassaƙa suna ƙera ƙananan jiragen yaƙi na sarki, galibi da ma'aunin 1 bisa 48, kuma da yawansu suna ajiye a gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich a London.

Amma labarin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne na fursunonin yaƙi. Tsakanin 1793 da 1815 Ingila da Faransa sun yi ta gwabza yaƙi, aka tsare dubban sojojin ruwa na Faransa a kurkukun Ingila. Waɗannan mutane ba su da ɗakin aiki, ba su da injin ko ɗaya. Ƙasusuwan naman da ake ba su suka riƙa tarawa, su wanke, su kankare, su mai da su fallaye. Ƙusa da gutsuren ƙarfe suka wasa suka mai da su wuƙa da abin huda. Gashin doki da zaren siliki suka zama igiyoyi. Jiragen da suka fito daga hannunsu, suna sayarwa don su sami na kashewa, yau suna cikin kayan da gidajen tarihi ke ji da su. Wannan ya nuna mana cewa hannu da haƙuri su ne uwar aiki, kayan aiki 'yan rakiya ne. To, bari mu duba 'yan rakiyan nan ɗaya bayan ɗaya.

Kayan da ake bukata

Na farko kayan awo. Ana bukatar rula, da fensir mai tsini, da kamfas da ɗan alwatikan nan na cikin akwatin lissafi wanda kowace 'yar sakandare take da shi. Rular ta zama ta ƙarfe, domin a jikinta ake jan wuƙa, kuma wuƙa tana cin gefen rular roba ko ta katako, daga nan ba za ta sake ba da miƙaƙƙen layi ba.

Na biyu kayan yanka. Masu sana'ar suna amfani da wata siririyar wuƙa mai kama da alƙalami, wadda ake canza mata baki in ya dushe. Kamfanin X-Acto na Amurka da Swann-Morton na birnin Sheffield a Ingila sun yi suna wajen yin ta, kuma bakin da aka fi so shi ne mai lamba 11, mai tsini kamar mashi. Inda ba a same ta ba, wuƙar nan mai zamewa cikin kube da ake yanka kwali da ita za ta wadatar. Sai ɗan zarto mai ƙananan haƙora. In babu shi, a nemi gutsuren zarton yankan ƙarfe a naɗe gefe guda da tsumma ya zama mariƙi. A haɗa da almakashi, da wani shafaffen katako da za a riƙa yanka a kai don kada a ɓata tebur.

Na uku kayan gyara. Samfefa, watau takardar nan mai yashi da kafintoci ke goge katako, ita ce babba. A bayanta akwai lamba: ƙaramar lamba kamar 80 mai kaushi ce, tana cin katako da sauri, babbar lamba kamar 240 ko 400 mai laushi ce, da ita ake ƙarasawa. In an manna ta a jikin ɗan katako ko a kewayen fensir, ta zama magagari mai shiga kowane lungu. Abin goge farcen da ke cikin kayan kwalliyarmu ma yana wannan aiki.

Na huɗu kayan riƙo, kuma a nan ne uwargida za ta ga cewa rabin kayan suna ɗakinta. Abin maƙale tufafi a igiyar shanya, da robar ɗaure kuɗi, da fil na masu ɗinki, su ne ke riƙe katako har gam ya kama. Matsefata kuwa ita ke ɗaukar abin da ya yi wa yatsa ƙanƙanta. Wajen huda, akwai ɗan mahudi da ake murzawa da yatsu, amma allura ko basilla da aka soka a ɗan itace tana yi, muddin katakon mai taushi ne.

Na biyar gam. Kada a ɗauka duk gam ɗaya ne. Farin gam na kafintoci shi ne na katako da kwali. Yana ba da lokacin gyara kuskure kafin ya kama, ana goge rararsa da jiƙaƙƙen tsumma, amma yana son a bar shi ya kwana kafin a taɓa aikin da ƙarfi. Gam mai kamawa nan take, wanda aka sani da Super Glue, na haɗa ƙarfe da katako ne da ƙananan abubuwa, ɗigo ɗaya ya isa. Akwai kuma gam na jiragen roba, wanda yake narkar da fuskar robar ya haɗe ta, ba ya kuwa kama katako ko kaɗan.

Na ƙarshe zare da ƙyalle da fenti. Zaren ɗinki baƙi da ruwan ƙasa, mai kauri da siriri, shi ne igiya. Akan ja shi a jikin kakin zuma don gashinsa ya kwanta, ya daina kama ƙura. Tsohon farin ƙyalle mara kauri, in an tsoma shi a ruwan shayi, yakan yi kalar ƙyallen jirgin da ya sha rana. Fenti kuwa gwamma a zaɓi wanda ake wanke buroshinsa da ruwa, don ba shi da warin da ke hawa kai, a sami ƙananan buroshi biyu ko uku.

Katako fa?

Turawa suna son wani katako mara nauyi mai suna balsa, wanda galibinsa daga ƙasar Ekwado ta Kudancin Amurka yake fitowa, don wuƙa tana yanka shi kamar sabulu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, cikin katakan da masu wannan sana'a a Ingila ke saya har da obeche, farin katakon nan mai sauƙin sassaƙa da ke fitowa daga dazuzzukan kudancin Nijeriya da Gana da Kamaru. Watau abin da su suke saya da tsada a 'yan fallaye, mu a wurinmu gutsattsarinsa yana zube a gindin bencin kafinta. Maɗaci ma yana da kyau ga mai son jirgi ja mai sheƙi. Ga mai koyo kuma, cikin gwangwala da totuwar karan dawa da kwali sun isa, su ne dai abubuwan da yara maza ke yin motar kara da su tun kaka da kakanni. In ana son falle ya lanƙwasa ya bi cikin jirgi, sai a jiƙa shi cikin ruwan zafi, a naɗa shi a jikin gwangwani, a ɗaure da roba har ya bushe.

Akwai kamfanoni da ke sayar da jirgi a kwali, an yayyanka sassansa sai haɗawa kawai. Airfix na Ingila da Tamiya na Japan suna yin na roba, Billing Boats na Danmak da Amati na Italiya suna yin na katako. Suna da kyau, ba na kushe su. Amma suna da tsada, daga waje ake kawo su, kuma babban aikin, watau awo da yanka, an riga an yi wa yaro. Haka nan akwai injuna masu aiki da lantarki, na huda da na yanka da na gogewa, irin na Dremel da Proxxon. Ra'ayina shi ne kada mai koyo ta ko kalle su. Injin yana saurin aiki, yana kuma saurin ɓarna, kuma hannun da bai iya zarto ba ba zai iya injin ba.

Mu a ƙasar nan mun taɓa ganin wannan darasi. Lokacin da aka fara tsarin ilmi na 6-3-3-4 a 1982, an shigo da manyan injuna daga ƙasashen waje don koyar da fasaha a ƙananan makarantun sakandare. A makarantu da yawa injunan sun lalace a cikin akwatunansu, don babu wutar lantarki, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san kansu. Da rula da zarto da samfefa aka raba wa kowane aji, da an ci moriyarsu tun ranar farko. Wannan kuskure ne da bai kamata a maimaita shi a gida ba. A sayi kaɗan, a sayi mai kyau, a koya wa yarinya ta kula da shi.

Lissafin da ke ciki

Ga wadda take neman jirgin da za ta fara da shi, ba sai ta je Ingila ba. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, wanda yanzu yake cikin Jihar Yobe, ya ci karo da wani kwalekwale a binne. Masana suka auna shekarunsa suka tarar ya kai 8,000, shi ne jirgi mafi tsufa da aka gano a Afirka. Tsawonsa mita 8.4, faɗinsa rabin mita, kaurin jikinsa santimita 5, daga gungumen itace guda aka fafe shi.

To, a ce wa yarinya 'yar aji biyar ko shida ta ƙera shi da ma'aunin 1 bisa 20. Dole ta mai da mita 8.4 santimita 840, ta raba da 20, ta sami santimita 42. Faɗin santimita 50 ya koma 2.5. Kaurin santimita 5 ya koma milimita 2.5. Ga rabawa, ga ɗigo, ga sauya ma'auni, duk a aiki guda, kuma in ta yi kuskure ba sai malama ta ja mata jan biro ba, kwalekwalen da kansa zai fito a karkace ya gaya mata. Wadda ta ƙware sai ta gwada babba. Jirgin Titanic da ya nutse a 1912 tsawonsa mita 269 ne, a ma'aunin 1 bisa 350 zai zama kusan santimita 77, kuma kuskuren milimita 1 a wannan ma'auni daidai yake da santimita 35 a jikin jirgin na gaske. Mu malamai mun san yadda 'yan mata da yawa ke tsorata da lissafi, har su yanke wa kansu hukunci cewa ba nasu ba ne. Galibi abin da ya sa shi ne ba su taɓa ganin lissafin yana yin wani aiki a hannunsu ba.

Abin da za a ce

Wasu za su ce wuƙa da zarto haɗari ne ga yarinya. Ina tambaya, wa ke yanka kuɓewa da albasa a gidajenmu? Yarinyar da aka yarda ta riƙe wuƙar girki tun tana 'yar shekara takwas, ta tsaya gaban tafasasshen mai, ita ce za a ce ɗan zarto ya fi ƙarfinta? Wasu kuma za su ce aikin maza ne. Alhali kuwa sashen da ya fi ba masu sana'ar wuya, watau ɗaurin igiyoyi, aikin zare ne da allura da ƙulli, kuma hannun da ya iya kitso da ɗinkin hula da saƙar faifai ya riga ya yi rabin tafiya.

Wasu za su ce wasa ne mara amfani. A farkon shekarun 1870 wani injiniya mai suna William Froude ya gina doguwar kwatarniyar gwaji a garin Torquay na Ingila, yana jan ƙananan jirage a ciki yana auna yadda ruwa ke danne su, don a san ƙarfin injin da babban jirgi zai bukata tun kafin a kashe kuɗi a gina shi. Har yau masu ƙera jirage suna bin wannan hanya. Cikin waɗanda suka yi irin wannan aiki akwai wata mace, Blanche Thornycroft, 'yar wani mai kamfanin ƙera jirage, wadda ta yi shekaru tana gwada ƙananan jirage tana rubuta sakamako a gidan mahaifinta. A 1919 ita da Rachel Parsons da Eily Keary suka zama mata na farko da aka karɓa cikin ƙungiyar masu tsara jiragen ruwa ta Ingila. Mahaifinta bai ce mata wannan na 'yan'uwanki maza ne ba.

Ba ina cewa kowace yarinya za ta zama injiniya ba ne. Amma wadda ta saba da auna abu sau biyu kafin ta yanka, za ta amfana ko tela ta zama, ko ma'aikaciyar jinya mai auna magani, ko uwargida mai duba aikin magini a gidanta. Game da lokaci kuwa, sa'a ɗaya ko biyu a ranar Asabar ba za ta hana shara ko karatu ba. Da yawa cikin 'ya'yanmu suna ɓata fiye da haka kowace rana a kan waya.

Hattara

Duk da haka akwai ƙa'idodi da ba a wasa da su. Wuƙa mai kaifi ta fi dusasshiya aminci, don dusasshiya ce ake dannawa da ƙarfi har ta zame. A riƙa yanka ana nisantar da baki daga jiki, a ja wuƙa sau uku ko huɗu a hankali maimakon sau ɗaya da ƙarfi, yatsun hannun da ke riƙe aiki su kasance a bayan baki. Kada a yarda yara su tsinci tsohuwar reza su yi aiki da ita, domin tana iya ɗauke da cuta. In gam mai kamawa nan take ya manne yatsu, kada a fizge. A tsoma cikin ruwan ɗumi da sabulu, ko a shafa ruwan goge jan farce, a raba su sannu. Kada a goge wannan gam da auduga, don in sun haɗu suna yin zafi har su ƙona fata. A yi fenti da gugar samfefa a tsakar gida ko kusa da taga. In an tashi kuma a tattara fil da allura da ƙananan sassa a zuba cikin gwangwani mai murfi, a ɗora inda mai rarrafe ba zai kai ba. Yarinya 'yar ƙasa da shekara goma ta yi awo da manna da fenti, babba ya yi mata yanka.

Kira

Ke uwargida, in za ki yi wa yara sayayyar hutu, ki sa rular ƙarfe da samfefa da ƙaramar robar farin gam a cikin lissafi, ki kuma roƙi maigida ya biya ta wurin kafinta ya karɓo gutsattsarin katako. In kin ga 'yarki ta tsuguna kusa da yayanta yana haɗa motar kara, kada ki kore ta da cewa ta tashi ta ba maza wuri. Ki ce ya matsa mata.

Ku 'yan'uwana malamai, lokacin aikin hannu kada ya zama lokacin da ake tura maza waje da kayan aiki, mata kuma a bar su da tsintsiya, ko a ce kowa ya kawo kuɗi a madadin aikin. Akwati guda na kayan da na lissafa zai ishi aji in an raba yara rukuni-rukuni, kuma a sa yarinya ta zama mai riƙe mabuɗinsa tana ƙirga kaya kafin a tashi.

Ku kuma 'yan makaranta, kada ku jira sai an kawo muku kwali daga Turai. Ku ɗauki rula ku zana kwalekwalen Dufuna a takarda, santimita 42 da 2.5, ku nemi gwangwala ku fara. Na farko zai fito a karkace, na biyu zai fi shi, domin sannu ba ta hana zuwa. Wadda ta gama nata ta kai makaranta ta nuna wa malamar lissafi, ta kuma bayyana wa 'yan ajinsu yadda ta yi awon.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, maza da mata, ya ba su ilmi mai amfani da sana'ar da za su dogara da ita. Sai wani mako in Allah ya kai mu. Wassalam.